Takardar Koke Kan Bunƙasa Wasan Ces a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, Jihar Filato.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka sa hannu a ƙasan wannan takarda, wato masu buga wasan ces da malaman makaranta da iyayen yara daga Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos, Dilimi da Nasarawa Gwong, muna gabatar da kokenmu game da wannan wasa da wasu ke kira darar Turawa. Shekara da shekaru muna koyar da yara a zaure da gindin bishiya, kuma ɗakin da aka taɓa ara mana mai shi ya karɓi abinsa ya mayar da shi shago, don haka a yanzu da zarar damina ta sauka ko sanyin hunturu ya tsananta sai atisaye ya tsaya cak.

Babbar matsalarmu ba ta rashin yara masu basira ba ce, ta rashin gasa mai rajista ce. Hukumar wasan ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a birnin Faris a 1924, ba ta sanin ɗan wasa sai ta makin da ya tara, kuma ba a samun makin farko sai mutum ya buga aƙalla wasanni 5 da waɗanda suka riga suka mallaki maki, a gasar da aka yi wa rajista, da agogo a gefen allo, ƙarƙashin alƙali mai lasisi. Matakin gwanin duniya yana buƙatar maki 2400, na babban gwani kuwa 2500. Yaron da ya doke kowa a unguwarsu, in bai taɓa zama a irin wannan gasa ba, a idon hukumar bai fara ba ma. Galibin gasannin nan a Legas da Abuja ake yin su, kuma uban da ke fama da kuɗin makaranta ba zai biya kuɗin mota da masauki na kwana uku don ɗansa ya je ya tura doki a kan allo ba. Mu kanmu ba mu ga laifinsa ba. A haka muke ganin yara masu kaifin ƙwaƙwalwa suna gajiya suna barin wasan.

Ba tatsuniya muke kawo wa Mai Girma ba. A 1998 Odion Aikhoje ya ciyo wa Najeriya lambar zinare a allo na biyu, wato matsayin ɗan wasa na biyu a tawagar ƙasa, a gasar ƙasashen duniya da aka yi a Elista ta ƙasar Rasha. A 2018 Tunde Onakoya ya fara koyar da yaran unguwannin talakawa a Ikorodu, kuma a watan Afrilun 2024 ya shafe awa 60 yana wasa a birnin Niyok domin tara kuɗin karatun yara. Masar da Zambiya sun fitar da manyan gwanaye, kuma ba mu ga abin da yaransu suka fi namu da shi ba illa yawan gasa.

Saboda haka muna roƙon a ware mana ɗaki ɗaya a wata makarantar firamare ta ƙaramar hukuma da yammacin Asabar da Lahadi, tare da alluna 20 da agogo 10, domin kulob na kowace unguwa ya samu ranarsa. Muna kuma roƙon a kafa gasar kofin Shugaba sau ɗaya a shekara, a yi mata rajista ta hannun Hukumar Wasan Ces ta Najeriya, a gayyaci 'yan wasa masu maki daga Jami'ar Jos da Bukuru da Bauchi da Kaduna, domin yaranmu su sami makinsu a gida. Game da ɗaukar nauyi, ba mu ce baitulmali ya ɗauki komai ba. Takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun Mai Girma zuwa ga 'yan kasuwar Taminus da bankuna da masu makarantun kuɗi za ta buɗe ƙofofin da muka daɗe muna ƙwanƙwasawa, domin attajiri ya fi sakin hannu in ya ga hukuma na tsaye a kan lamari.

Mun san wasu iyaye suna ɗari-ɗari, suna tsoron caca da shagala. Mun ɗauki alkawarin cewa ba za a sa ko sisi a kan allo ba, za a tsayar da agogo lokacin salla, ba za a fara zaman Lahadi ba sai an taso daga coci, kuma yaron da karatunsa ya ja baya za a dakatar da shi. Mai Girma ya fi mu sanin yadda unguwanni suka rarrabu tun rikicin 2001. A zaurenmu kuwa yaron Gangare da na Tudun Wada suna yin musabaha kafin wasa da bayansa, kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

Muna roƙon a sa mana rana wakilanmu su zo ofis da ƙiyasin kuɗi da jadawalin gasar. Allah ya taya riƙo.

Naka masu biyayya,
Wakilan 'yan wasan ces, malamai da iyayen yara na Jos ta Arewa.