Faifan da Za Ka Taho Mana da Shi

Jos, tsakiyar hunturu.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya kuma sanyin Tampere ta ƙasar Finland? Saƙonka ya same ni ranar Juma'a muna saukowa daga masallaci. Na yi dariya inda ka ce rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe uku, har azahar da la'asar da magariba suna neman taka ƙafar juna. Mu ma nan hunturu ya sauka da kayansa, leɓe ya tsage, da asuba ruwan alwala sai an ɗora a wuta. Shekaranjiya na leƙa Hajiya a Gangare, lafiyarta ƙalau, ta ce in gaya maka ka riƙa rufe kunnenka.

To, ashe kai ma ka faɗa! Ka tuna lokacin da na fara wannan golf ɗin faifai, wasan jefa faifan roba har ya shiga kwando, kai ne kan gaba wajen yi mini tsiya, wai magidanci da gemunsa yana yawo a daji yana neman roba kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Yau ga ka a garin da aka yi gasar duniya ta wasan a 2025, a filayen Tampere da maƙwabciyarta Nokia, kana tambayata abin da ya sa faifanka yake faɗuwa hagu. Na yafe maka, amma sai ka biya tara, kuma tarar tana ƙarshen wasiƙar nan.

Bari in fara da faifan da ka saya. Ka ce lambar farko a jikinsa 12 ce, bakinsa siriri kamar wuƙa, kuma shi ka ga manyan 'yan wasa suna jefawa a YouTube. Malam, ka sayi ingarman doki alhali ko jaki ba ka taɓa hawa ba. Irin wannan na dogon zango ne, an ƙera shi don hannun da zai tura shi mita ɗari ko fiye. In bai samu wannan gudun ba, ba ya ma fara aikinsa, sai ya sunkuya hagu tun yana mita arba'in ya caki ƙasa. Lafiyarsa lau. Ka ajiye shi a ƙasan jaka, wata rana za ku haɗu.

Lambobi huɗun nan da ka ce sun ruɗe ka, kamfanin Innova ne ya yaɗa tsarinsu, yanzu kusan kowa na bi. Ta farko gudun da faifai ke bukata ne, ta biyu shawagi, wato yadda yake jimawa a sama. Waɗannan ba su da wuyar fahimta. Ta uku da ta huɗu su ne maganar. Kai da kake jifa da dama, bayan hannu yana gaba, faifanka yana juyawa irin juyin agogo. Yayin da yake da cikakken gudu yakan so ya karkata dama, lamba ta uku ke nan, tana tashi daga +1 ta gangara har -5, kuma iya nisanta ƙasa da sifili iya yawan karkatar. Da gudu ya ƙare kuma sai ya komo hagu ya sauka, wannan ita ce ta huɗu, daga 0 zuwa 5. Ƙanena bahago ne, shi komai a juye yake zuwa masa, har yau in ina koya masa sai mun yi gardama kan ina ne dama.

Mu a nan mun raɗa musu suna. Wanda ba ya yarda ya karkata, kullum hagu yake nema, shi ne mai taurin kai. Wanda da ka ɗan matsa masa zai bi ka dama, mai sauƙin kai. Abin da nake so ka nema shi ne matsakaici, mai gudu 4 ko 5, kuma mai sauƙin kai, lambarsa ta uku tsakanin -1 da -3, ta huɗu kada ta wuce 1.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma na faɗe shi. Ana kallon irin wannan faifai kamar na yara da 'yan koyo, mutum yana jin kunyar a gan shi da shi. Kusan shekara na yi ina fama da masu taurin kai saboda wannan girman kan, ina murɗa kafaɗa ina karkatar da jiki don in tilasta musu tafiya miƙe, har na koyi mugun jifan da ya ɗauke ni wata da watanni kafin in warware. Mai taurin kai yana rufa maka asiri: ko ka yi daidai ko ka yi shirme, hagu zai faɗi, ba za ka taɓa sanin wanne ka yi ba. Mai sauƙin kai kuwa ɗan tonon silili ne. Ka murɗa wuyan hannu, zai kife dama ya yi ta gangarawa a ƙasa. Ka ɗaga masa hanci sama, zai hau ya tsaya cak ya zame hagu. Ka sake shi yana rawa, zai nuna maka tun bai yi mita ashirin ba. Ranar da ka sake shi sumul kuwa, zai tafi kamar an ja zare, kuma da rabin ƙarfin da kake zubarwa yanzu.

Wanda ya buɗe mini ido Comet ne na kamfanin Discraft, lambobinsa 4, 5, -2, 1. Wani abokin aikinmu da ya yi zama a Amurka ya ba ni shi, duk ya goge, tambarin ma ba ya karantuwa. Makon farko na tsane shi, don kullum kifewa yake. Da na rage ƙarfi na daina fizga, sai na ga faifan yana shawagi yana ta tafiya kamar ba zai sauka ba. Akwai ɗan'uwansa Meteor, 5, 5, -3, 1, ya fi shi son dama. Innova suna da Stingray, 4, 5, -3, 1, tsohon hannu ne. A can wajenku ba za ka rasa Fuse na Latitude 64 ba, kamfanin maƙwabtanku ne na Suwidin, 5, 6, -1, 0, ga shawagi ga biyayya, in da ni ne kai da shi zan fara. Tursas na Westside ma, 5, 5, -2, 1, yana cikin layin. Buzzz da kowa ke yabo, 5, 4, -1, 1, faifai ne na kirki, amma a hannun sabon shiga miƙewa yake ya ƙare hagu, ban sa shi cikin masu sauƙin kai na sosai. Irin su Paradox mai -4 kuma ka bari tukuna, wannan sai mai so ya gangarar da faifai a ƙasa da gangan.

Kada dai ka ɗauki lambobin nan kamar awon gwal. Kowane kamfani shi ke yanke wa nasa, babu wata hukuma da ke auna su, don haka -2 na wannan ba lallai ya zama -2 na wancan ba. Nauyi ma yana canza hali: matsakaita sukan kai giram 180, kuma mai giram 165 zai fi saurin karkata a kan irinsa mai 177. Sai roba. Mai araha, irin DX, tana da daɗin riƙo amma tana saurin cinyewa, kuma duk faifan da ya sha duka sauƙin kansa ƙaruwa yake. Ka san duwatsun garin nan ba su da tausayi. Wata biyu faifan roba mai araha zai yi a hanyar Shere ya koma wani abu dabam. Saboda haka namu ka zaɓo masu roba mai ƙwari, irin Z ko ESP na Discraft, ko Opto na Latitude 64. Naka na koyo kuwa, in ka samu na gwanjo kada ka raina, mu da muka tashi da kayan Katako ba za a koya mana darajar gwanjo ba. Wanda wani ya riga ya horar ya fi sabo daɗin hannu.

Ga wani abin da ba lallai mai kanti ya gaya maka ba, don shi bai san inda za ka kai kayan ba. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu ta fi ta ƙasa sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin goma. A siririyar iska faifai yana ƙara taurin kai. Ku kuma kuna ƙasa-ƙasa, ga sanyi da ke ƙara wa iska kauri. Ma'ana, wanda ka gwada can ka ga yana ɗan karkata dama, in ya zo nan zai miƙe. Wanda ya miƙe can, nan hagu zai nema. Na ga wannan da idona lokacin da na je biki Legas da Comet a jaka. Faifan da na sani kamar tafin hannuna ya riƙa kife mini a bakin ruwa, na yi zaton hannuna ne ya lalace, sai da na dawo gida ya koma halinsa. Don haka in kana zaɓar namu, ka ƙara taki ɗaya wajen sauƙin kai. In zuciyarka ta ce -1, ɗauko -2.

Yanzu jifan kansa. Guda biyu nake so ka koya, kuma ka fara a tsaye, ba tare da ɗaukar gudu ba. Na farko shi ake kira haiza mai miƙewa. Ka ɗan rusuna daga ƙugu, gefen faifan da ke nesa da hannunka ya sunkuya ƙasa kaɗan, hancinsa kada ya kalli sama, ka ja shi ta gaban ƙirji a miƙe kamar mai tayar da janareta, amma a hankali, ƙarfin ya zo a ƙarshe. Zai fita a karkace, son damansa ya ɗago shi ya kwanta daidai, sannan ya tafi tsaye ya sauka kusan inda ka nufa. A tsakanin itatuwa babu jifan da ya kai shi amfani, kuma na ga hotunan filayenku duk daji ne. Akwai wani lungu da muke wasa ta wajen Lamingo, layi biyu na itatuwan turare, faɗinsa bai fi a wuce da mota ɗaya ba, tsawonsa taki saba'in. Duk mai ƙarfin da ya zo da faifan dogon zango sai mun ji ƙwas a jikin itace. Wani ɗan sakandare da ke bin mu, siriri kamar sillen kara, shi yake cinye mu a wurin da tsohon Stingray.

Na biyu, ka sake shi a kwance daidai da ɗan ƙarin ƙarfi, ka ba shi sama kaɗan. Zai lanƙwasa dama ya riƙe har ƙasa. Da wannan ake zagaye dutse ko shingen ƙyarana in kwando yana ɓoye ta dama. Tsayin nan da na ce ka ba shi kada ka manta da shi, in ka yi ƙasa-ƙasa zai caki ƙasa da gefe ya gangara inda ba ka aike shi ba.

Inda mai sauƙin kai yake cin amana shi ne iska. In tana busowa daga bayanka, ɗauko shi, za ta ƙara masa tauri ya tafi lafiya. In kuwa tana dukan fuskarka, mayar da shi jaka. Iskar gaba tana sa faifai ya ji kamar an jefa shi da gudun da ya fi na gaske, sai ya kife. Da haka na rasa Comet ɗin nan da nake ta yabo. Makon jiya ne, ta wajen Rayfield, iskar hunturu tana kaɗowa daga gabas, ƙanena ya ce yaya canza faifai, na ce na san abina. Ya tashi kamar abin kirki, ya juya ciki sama, ya yi dama, ya sauka tsakiyar ɗaya daga cikin tafkunan nan na haƙar kuza. Ka san zurfinsu, ko da wasa ban bari yaran da suka taru su shiga ba. Na tsaya ina kallon ruwa kamar wanda aka yi wa rasuwa, ƙanena yana ta danne dariya. Don irin wannan rana ake ajiye mai taurin kai guda ɗaya, kamar Roc, 4, 4, 0, 3. Yana cikin jakata a lokacin, girman kai ne ya hana ni ɗauko shi.

Ka tambayi yadda muke yi da kwanduna. Guda ɗaya muke da shi, mai naɗewa, muna ɗora shi a bayan babur. Sauran ramukan, wato wuraren da ake nufa da jifa, itace muke ɗaura wa tsumma ja, in faifai ya taɓa ƙasan tsumman an ci. Ba abin kunya ba ne, su ma Amurkawan bishiya da turakun fitila suke jifa kafin Ed Headrick ya ƙera kwandon sarƙa a shekarun 1970. Wani mai walda a Dilimi ya ce in na kawo masa awo zai haɗa mana biyu, muna kan ciniki, kuɗin sarƙa ne ya tsaya mana.

Ga tararka. Comet ɗaya, roba mai ƙwari, giram 175 zuwa sama, launin ruwan hoda ko shuɗi mai haske, kada ka kawo ruwan ƙasa ko rawaya, ciyawarmu ta bushe ba za mu gan shi ba. Fuse biyu marasa nauyi saboda yaran da ke bin mu. In kuɗin sun kai, ƙara Meteor. Ka shimfiɗa su a kwance tsakanin tufafi, kada a danne su a gefen akwati su lanƙwashe. Naka kuma, tunda an ce mutanen can ko ƙanƙara ba ta hana su wasa, ka yi yadda suke yi, ka liƙa masa dogon zare mai launi don ka gane inda ya nutse.

Ka ɗauko mini bidiyon jifanka daga baya da kuma daga gefe, ka turo ta WhatsApp in ga abin da kafaɗar nan take yi. Maiɗakina tana gaishe ka, ta ce kilishin da ka roƙa sai dai ka zo ka ci a nan. 'Yan majalisar mai shayi duk suna tambayarka.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
amininka na Jos.