Wasiƙa zuwa ga abokina kan sautin jita a dandamali

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da ƙannenka duka. Mu ma nan Birmingham lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Saƙonka ya iso, kuma na saurari abin da ka naɗa a wurin wasanku har sau uku. Gaskiyarka, jitar ta nutse. Ana jin ganga, ana jin bes, amma taka sai wani shuu kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Duk da haka ina roƙonka kada ka sayar da Helix ɗin nan, na'urarka mai kwaikwayon sautin amfulifaya da fedal na jita. Na'urar ba ta da laifi, inda ka saita ta ne ya jawo.

Ka ce a ɗakinka ka haɗa sautin, da dare, da hedifon a kunne. Ni ma haka na yi farkon zuwana, na shafe mako biyu ina gyara har ya yi mini daɗi. Ranar wasa a wani ƙaramin zaure, mai ganga na fara dukan faya-fayensa na ƙarfe sai na daina jin kaina. Mai kula da sauti, wani dattijo, ya zo ya tsuguna gaban na'urar, ya rage gen (wato yawan gurnanin da ake ƙara wa sautin jita) kusan rabi, ya ɗaga tsakiyar sauti, wato abin da ke tsakanin kauri da kaifi, ya ce in sake bugawa. Nan take jitar ta fito fili. Abin ya daɗe yana raina.

Dalilin yana cikin kunnen ɗan Adam. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka auna cewa idan ƙarar sauti ba ta da yawa, kunne ba ya kama kaurinsa da kaifinsa sosai, shi ya sa a ɗaki mutum ke ta ƙara su. Da an ƙure ƙara a zaure sai su yi yawa, kaurin ya shiga hurumin bes, kaifin ya cakuɗe da faya-fayen mai ganga. Tsakiyar da ka kwashe kuwa nan ne gidan jita. Saboda haka ka ɗauki na'urar ka kai ta wurin atisaye, ka saita ta da irin ƙarar da za ku yi wasa, sauran 'yan ƙungiya suna bugawa tare da kai.

Ka fara da amfulifaya guda, wadda aka kwaikwayo daga Peavey 5150 ta 1992, ita ce masu kiɗan metal, wato kiɗan jita mai nauyi da ƙara, suka daɗe suna dogaro da ita. Gen ɗinta kada ya wuce huɗu ko biyar. A gabanta ka sa kwaikwayon koren fedal ɗin nan na Ibanez, Tube Screamer, ka mayar da dirayib ɗinsa, wato nasa gen ɗin, sifili, ka ɗaga ƙarar fitarsa sama. Aikinsa shi ne ya rage kauri kafin sauti ya shiga amfulifaya, sai ka ji bugun da kake danne tsirkiya da gefen hannu ya tsaya cak, babu jan jiki. Da farko za ka ji kamar an rage maka ƙarfi, hannunka zai fi shan aiki. Ka daure, kwana kaɗan za ka saba.

Abin da ya fi damuna a naɗin naka shi ne kaifin nan mai sukar kunne. Sifikar jita ta gaske, irin Celestion Vintage 30, ba ta fitar da wani abin kirki sama da 5,000 zuwa 6,000 Hz (ma'aunin kauri ko kaifin sauti), ita da kanta take tace shi. Sifikun zaure kuwa komai aka ba su fitarwa suke yi. Don haka a sashen akwatin sifika, ko IR (naɗaɗɗen kwaikwayon akwatin sifika) kake amfani da shi, ka yanke sama a wajen 7,000 Hz, ƙasa kuma a tsakanin 80 da 100. Ka zaɓi IR ɗaya wanda aka ɗauka da makirufo SM57 ka zauna a kansa, domin idan kowace waƙa da nata akwatin, mai kula da sauti ba zai san inda zai sa ka ba. Ka ba shi layi guda ta wayar XLR, kuma ka daidaita ƙarar duk saitunanka tun daga gida. Idan ka ji ƙugi daga wutar janareta, ka gwada maɓallin ɗage ƙasa (ground lift) da ke bayan na'urar kafin ka ƙara matse ƙofar hana hayaniya (noise gate), don matsewa da yawa tana yanke jelar sauti.

Masu ce maka sai da amfulifaya mai kwalabe ake metal, ka tuna musu cewa a watan Disamba na 2013 'yan shahararriyar ƙungiyar metal ɗin nan Metallica sun yi wasa a Antatika ba tare da manyan sifiku ba, jama'a na saurare ta hedifon, kuma Axe-Fx ɗin kamfanin Fractal, na'ura irin taka, suka yi amfani da shi.

Ranar atisayenku ka ajiye wayarka a can ƙarshen ɗakin ta naɗi minti biyu, ka turo mini in ji. Ka gaida Hajiya sosai, ka ce ina neman addu'arta.

Naka abokinka na kullum.