A karanta katin kafin a ɗaga murya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarku domin mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Saudiyya da suka fara buga wasan katin nan mai suna Vampire: The Eternal Struggle. Gardamar da ake tafkawa a kansa a majalisu bayan sallar isha'i ta yi yawa, kuma da za a bi diddiginta, mafi yawanta daga wuri ɗaya take fitowa. Katunan da Turanci aka rubuta su, mutum ɗaya ne yake karantawa ya fassara wa sauran da baki, shi kuma sai ya kawo ma'anar a dunƙule ya zubar da ƙananan kalmomi. Alhali a wannan wasa ƙananan kalmomin ne suke faɗin yaushe za a buga kati, wa zai buga shi, kuma sau nawa.

Richard Garfield ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1994 da sunan Jyhad. A 1995 aka sauya sunan, abin da mai karatu a ƙasar nan ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilinsa. White Wolf ya karɓe shi a 2000, aka daina bugawa a 2010, sannan Black Chantry ya dawo da shi a 2018. Mun kawo wannan tarihi ne saboda kati ɗaya yana iya zuwa da rubutu iri uku ko huɗu, gwargwadon shekarar da aka buga shi. Wanda ya sayo tsofaffin katuna ta intanet da wanda ya sayi kwalin bugu na biyar na 2020 za su iya riƙe kati mai suna ɗaya, kowa ya karanta nasa, su saɓa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Hukuncin shi ne rubutu na ƙarshe da ƙungiyar 'yan wasan, wato VEKN, ta wallafa shi ake bi, ko da katin da ke hannunka ya ce wani abu dabam. Tsohon kati da ya ce "tap" da sabon da ya ce "lock" abu ɗaya suke nufi, a juya katin a kwance, mu muna cewa an kulle shi. Tsofaffin katunan Jyhad kuwa bayansu ya bambanta da na yanzu, don haka a sa su cikin leda mai duhun baya, in ba haka ba kowa zai gane abin da ke saman tari.

Halittun da ke jikin katin mashaya jini ne na tatsuniyar Turawa. Don sauƙin baki muna ce musu mayu, ko da yake mayen ƙasar Hausa kurwa aka ce yana kamawa. Jinin kuma 'yan ƙwallaye ne kawai, ko maɓallai, ko ƙwallon dabino da aka wanke aka shanya. Mutum biyar na buƙatar kamar 200, tunda kowa da jari 30 yake farawa, sauran kuma a tara a tsakiya.

Kuskuren farko na waɗanda suka taso da balot ne, wasan katin da aka saba da shi a Saudiyya. A balot zagaye ta dama yake tafiya, kuma wanda ke fuskantarka abokin tarayyarka ne. A nan ta hagu ake zagayawa. Na hagunka shi kake farauta, na damanka shi ke farautarka, na tsallaken tabarma kuwa ba abokinka ba ne, sai dai buƙata ta haɗa ku na ɗan lokaci. Idan jarin wanda kake farauta ya ƙare, ka sami maki 1 da jari 6, ko da ba kai ka ƙarasa shi ba. A riƙe wannan jimlar ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Babban aikin da maye yake fita yi shi ne tatsar jarin abokin hamayya, abin da katin ke kira "bleed". Asalinta jari 1 ne, kuma kowane maye sau ɗaya zai yi ta a zagayensa, ko da wani kati ya buɗe shi bayan an kulle. Katin Govern the Unaligned yana mayar da ita 3. Idan aka ɗora Conditioning, mai ƙaramar baiwa zai ƙara 2, mai babbar baiwa ya ƙara 3. Ana gane bambancin a jikin katin mayen: alamar baiwa in murabba'i ce zaune daidai, ƙarama ce, in an tsayar da ita a kan kusurwarta, babba ce. Mai babba yana da zaɓin ya yi amfani da ko wanne daga cikin biyun, mai ƙarama kuwa layin sama kaɗai ne nasa. To, a sabon Conditioning akwai kalmar "limited". Ma'anarta ƙari ɗaya tak irin wannan ake yarda da shi a aiki ɗaya. Tsohon bugu doguwar jimla ya yi don faɗin haka, kuma ita ce jimlar da mai fassara da baki ya fi tsallakewa, shi ya sa za ka ji an tatsi mutum jari 9 a tashi ɗaya alhali doka ba ta ba da haka ba. Ƙarin da ke cikin katin aikin kansa, kamar na Govern, ba ya cikin wannan ƙidayar.

Biyan kuɗin kati ma iri biyu ne. Katin aiki sai aikin ya yi nasara ake biyan jininsa. In an tare mayen, katin ya tafi juji, jinin yana nan. Katin ƙari kamar Conditioning kuwa nan take ake biya, a ci ko a faɗi.

Inda gardama ta fi zafi shi ne katin Deflection, mai karkatar da tatsa zuwa kan wani. Sabon rubutunsa ya ce sai bayan an ƙi tarewa ake buga shi. Ga yadda abin yake tafiya daki-daki. Audu ya kulle mayensa ya ce zai tatsi Bala da Govern, jari 3. Bala ya ce ba zai tare ba. Dama ta farko ta Audu ce, domin a kowane mataki mai aiki ne yake fara magana. Ya ɗora Conditioning babba, tatsa ta zama 6. Yanzu Bala ya biya jini 1 ya buga Deflection, ya tura ta kan Ciroma da ke hagunsa. Duka 6 ɗin ne za su tafi, ba 3 ba. Ciroma yana da damar tarewa sabuwa fil, yana kuma iya sake karkatar da ita zuwa wani, sai dai ba a mayar wa Audu abinsa. Idan jarin Ciroma 5 ne kuma bai iya kare kansa ba, ya fita, maki da jari 6 na Bala ne, tunda shi ke farautarsa. Audu ya kashe jini 2 ya noma wa Bala gona, abin da ya samu kawai shi ne alamar rinjaye, wato "Edge", mai ba shi jari 1 a farkon zagayensa in ta kwana a hannunsa. Da Audu ya ja baki ya ce ba shi da ƙari, Bala ma ya ce ba shi da komai, kowa ya wuce, to aiki ya ƙare a kan 3, ba a dawowa a ce af, na tuna ina da Conditioning. Amma in ya ja baki Bala ya karkatar, magana ta dawo wurin Audu, kuma mai hankali ba zai ƙara komai ba sai in ya ga za a sake juyo ta kan Bala.

Sanɗa, wato lambar ɓuyar mai fita aiki, da sa-ido, wato lambar mai son tare shi, su ma akwai tarko a cikinsu. Ba a tara sanɗa tun kafin a fita. Sai wani ya ce zai tare, kuma sa-idonsa ya kai sanɗarka, sannan za ka ƙara. Shi ma mai tarewa ba ya ƙara sa-ido sai sanɗarka ta fi nasa. Kunnen doki na mai tarewa ne: sanɗa 1 da sa-ido 1, an kama ka. Maye ɗaya ba ya buga katin ƙari mai suna ɗaya sau biyu a aiki ɗaya, ko da uku ne a hannunka. Tatsa tana fita da sanɗa 0, kuma wanda aka nufa kaɗai ne zai iya tare ta. Neman jini da kiran ƙuri'a suna fita da sanɗa 1, na hagunka ya fara gwada tarewa, sannan na damanka, sauran su zuba ido. Wanda ya gwada tarewa bai yi nasara ba ba a kulle shi.

Akwai kalmar "wake" da ake yawan fassarawa da buɗewa, kuma ba haka ba ne. Wake with Evening's Freshness yana ba kullallen maye damar tarewa da buga katin martani har ƙarshen wannan aikin kaɗai, katin mayen kuma yana nan a kwance. In wani maye ya sake fitowa, sai an sake farkar da shi da wani katin. Layin farko na katin ma ya ce ba za ka jawo madadinsa ba sai farkon zagayenka, don haka hannunka zai zauna da 6 maimakon 7. Masu jawowa nan take ba da gangan suke yi ba, hannu ne ya saba.

A faɗa, wanda ya fito aiki shi ke fara faɗin bugunsa, sannan wanda ya tare. Bugun da ya ce faɗa ya ƙare, irin na Majesty, yana riga kowane bugu aiki, har da mai riga-kafi, wato "first strike". Abin da ke karya shi shi ne Immortal Grapple, wanda ake bugawa in an yi kusa da juna kafin a zaɓi bugu: daga nan sai bugun hannu kawai, ga duka biyun. Kaucewa bugu ce, ƙare faɗa ma bugu ne, duk sun faɗi. Wanda ya bari sai abokin karawa ya ajiye Majesty sannan ya fito da Grapple ya makara, lokacinsa ya wuce.

Lissafin rauni kuma ga shi. Maye mai jini 2 da aka yi wa rauni 2 zai ƙona jininsa ya tsaya da ƙafarsa, amma dole ya fita neman jini a zagayensa na gaba kafin kowane aiki na son rai. In rauni 3 ne, ya ƙona 2, ya tafi dogon suma. Mugun rauni, wanda katin ke kira "aggravated", ba ya warkewa da jini. Na farko yana kai shi dogon suma ko da cike yake. Kowane ƙari bayan nan sai ya ƙona jini 1, in babu ya hallaka. Mai jini 1 da aka yi wa mugun rauni 3 ya tafi juji ke nan. In raunin ya haɗu iri biyu, da na yau da kullum ake farawa.

Wasu kalmomin sai a bi su da sauri. "Younger" na nufin mayen da lambar yawan jinin da yake iya ɗauka ta gaza ta naka, mai 7 bai girmi mai 7 ba, don haka babban Govern, mai zuba wa ƙaramin maye jini 3, ba zai zuba masa ba. Katin da ya ce a lokacin mataki kaza kana iya yin kaza, sau ɗaya yake nufi: Blood Doll jini 1 yake motsawa a zagaye, ba a yi ta kwasa. A ƙuri'a kunnen doki faɗuwa ne, kuma Kine Resources Contested ya ce a raba asarar jari 4 tsakanin mutum biyu ko fiye, mafi yawan abin da za ka ɗora wa mutum ɗaya 3 ne. Tarin mayu kada ya gaza 12, daga rukuni ɗaya ko biyu masu bin juna, 5 da 6 daidai ne, 4 da 6 ba a yarda ba. Babban tari daga 60 zuwa 90, kuma ba a ƙayyade yawan kati iri ɗaya ba, saɓanin abin da masu wasan katin Magic suka saba.

Shawararmu ga kowace majalisa ita ce a ajiye waya ɗaya a buɗe a kan rubutun katunan na yanzu. Duk katin da wani bai sani ba, a karanta shi gaba ɗaya, jimla bayan jimla, a fassara kowace ita kaɗai, a fara da layin da ke cewa "only usable", domin nan lokacin yake. Inda kati ya saɓa wa littafin doka, kati ake bi. In an kasa daidaitawa cikin minti biyu, mutum ɗaya da aka zaɓa tun farko ya yanke, a ci gaba, a bincika bayan an tashi. Wasan gasa awa 2 ake ba shi, wanda ya kai ƙarshen lokaci yana raye rabin maki yake samu, kuma ba a cewa mutum ya ci teburi sai yana da maki 2 ko fiye kuma ya fi kowa. Majalisar da ta ba gardama rabin awa da rabin maki kowa zai tashi.

Roƙonmu gare ku, ya Edita, shi ne ku ba masu karatu dama su turo kalmomin da suke amfani da su. Mu muna cewa jari, tatsa, sanɗa, sa-ido da dogon suma. Wataƙila na Makka ko na Riyad suna da waɗanda suka fi namu daɗin faɗi, musamman ga "wake", wadda har yanzu farkawa muke ce mata, sabon shiga kuma yana jin haka sai ya kai hannu zai miƙar da katin.

Wassalam.

Wasu ma'abota wasan,
Jidda, Saudiyya