Wasiƙa: Balen mai dogon baki, ga ’yan uwanmu masu aiki a teku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maraɗi ba ta da teku, amma ’ya’yanta na aiki a jiragen ruwan Kotonu da Lome, kuma kowa da waya a aljihu. Dominsu muka rubuto kan wata dabbar teku da ganinta ke da wuya ƙwarai, wato balen mai dogon baki. Numfashi take da huhu, tana shayar da ’ya’yanta, kuma nau’o’inta sun haura 20.

Neman abinci ke ɓoye ta. Nau’in Kubiye, mai tsawon kamar mita 6, an auna nutsonsa har mita 2,992 a gaɓar Kaliforniya, wani kuma ya yi minti 222 bai fito ba. Idan ta taso, minti biyu ko uku take yi, feshin numfashinta gajere ne, iska kaɗan ta ɓatar da shi. Sai teku ya kwanta lumus ake hango ta, galibi inda zurfi ya wuce mita 1,000.

Wanda Allah ya nuna masa ita, ya dubi baya tukuna: ƙaramar ƙaya ce, wato ɗan fiffiken baya, can wajen wutsiya. Sannan baki. A yawancin nau’o’in, namiji na da haƙora biyu kacal a muƙamuƙin ƙasa; na Kubiye a can bakin gaba, na nau’in Balanbil a tsakiya bisa wani tudu, kuma da wannan ake raba nau’i. Haƙoran mace galibi ba sa hudowa, don abincinsu kalamar, wata dabbar teku mai laushin jiki da hannaye da yawa, zuƙe shi suke yi ba tauna ba. Fararen zane a jiki tabon faɗan maza ne.

A rage gudun inji, a tsaya nesa da mita 100, kada a gitta gabanta. In hali ya yi, a kashe na’urar auna zurfi. A ɗauki hoton kai da baya, a rubuta lokaci, yawansu da lambobin GPS. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, amfaninsa kaɗan ne ga masu bincike.

Maganar ƙara ita ta fi damunmu. Da sauti wannan dabba ke farauta a cikin duhu. A Satumban 2002, lokacin atisayen sojan ruwa da sona, wato na’urar gano abu a ƙarƙashin ruwa da sauti, balen 14 suka faɗo gaɓar tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, aka sami kumfar iska a jijiyoyinsu irin ta mai nutson da ya taso da gaggawa. Sifaniya ta hana sonar soja a yankin a 2004, mutuwar garke ta tsaya.

In an tarar da gawarta a gaɓa, don Allah kada a rabe naman, ba a san abin da ya kashe ta ba. A auna tsawo, a ɗauki hoton baki ta gefe, a sanar da hukumar kamun kifi.

Malaman ilimin halittu,
Maraɗi