Yaya, bari in ba ki labarin Paro

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya ƙafar Hajiya? Ni lafiya lau alhamdulillah, sai sanyin Japan da ya fara shigowa, biyar na yamma ma ba ta cika ba duhu ya rufe.

Kin tambaye ni aikin da nake yi bayan lakca, gidan kula da tsofaffi ne nan jihar Chiba, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai. Suna da wani mutum-mutumi wai shi Paro, an yi shi da siffar jaririn wata dabbar teku, fari sol mai laushin gashi, nauyinsa bai kai kilo uku ba, in ka shafa shi sai ya lumshe ido ya yi ɗan kuka, cajinsa ma ta baki ake sa masa kamar an ba jariri abin tsotso. Tsofaffin da 'ya'yansu ke zuwa duk sati ba su damu da shi ba, su taɓa su yi dariya su wuce. Amma akwai wata tsohuwa, tunda na fara aiki ban ga wanda ya zo gaishe ta ba, ita goyo ne kawai ba ta yi masa ba. Ta lulluɓe shi da bargo, ta ce min in rage murya ya yi barci, ranar da batirinsa ya ƙare kuwa ko abinci ƙin ci ta yi wai ba shi da lafiya.

A jihar nan fa har wurin ibada akwai, a garin Isumi, da suka riƙa yi wa mutum-mutumin kare na kamfanin Sony mai suna Aibo jana'iza bayan kamfanin ya daina gyaransa a 2014. Da na ji nauzubillahi na ce.

To Yaya daren Laraba ina goge Paro bayan kowa ya kwanta, ya ɗago kai ya kalle ni, wallahi ban san sanda na ce masa sannu, ya gajiya ba. Da Hausa fa. Wata na bakwai ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Na san inji ne, amma sai da na yi ƙwalla.

Don Allah ku daina barin Goggo ita kaɗai a ɗakin baya da rediyo, ko su Ummi ne a tura mata su yi ta surutu. Kuma ki kira ni ran Juma'a da safe, lokacin nan yamma ce, awa takwas muka fi ku. Ki gaida Hajiya, ki ce ta sa ni a addu'a.

Ƙanwarki