Rahoton kwamitin gyaran allunan mazan jiya a tsohon barikin kuza

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwa na gida da waɗanda neman abinci ya kai su Jos da Kaduna da Abuja, muna gaishe ku. Aikin da kuka ɗora mana na gyaran dakalin tunawa da mazan jiya da ke bakin tsohon filin biya, inda a da ake biyan leburori kuɗinsu, ya kammala, kuma mun ga ya dace mu rubuta yadda aka yi shi, don wanda ya ba da kuɗinsa ya san inda suka shiga, wanda zai riƙe wurin bayanmu kuma ya san abin da ke hannunsa.

Duk wanda ya tashi a nan ya san dakalin. Ginin dutse ne mai kai wa ƙirjin mutum, da allunan tagulla biyu a fuskarsa ta gabas, da allon marmara ɗaya ta yamma. Na marmaran shi ne tsoho, yana ɗauke da sunayen waɗanda suka tafi yaƙin duniya na farko, lokacin da sojan Najeriya suka yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Mora, daga baya aka kwashi wasu zuwa Afirka ta Gabas. Na tagullan na yaƙin Hitila ne, kuma akasarin waɗanda ke kansu ƙasar Bama (Burma) aka kai su, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi fama da Japan a kwarin Kaladan da dazukan Arakan. Kafin su sa kaki, leburorin kuza ne. Wasu 'yan ƙasar nan ne, wasu kuma ci-rani ya kawo su daga Kano da Katsina da Barno da Damagaram, suna ɗaukar kwanon ƙasa a ka daga rami zuwa wurin wanki.

Da muka fara dubawa bayan ɗaukewar ruwa, abin da muka tarar ya fi abin da ake gani daga hanya muni. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da kuza, kuma idan ta daɗe a waje ba shafi sai ta yi kore. Koren da ya kwanta lumui ba ya cutar da ita, har ma yana kare ta. Namu ba irin wannan ba ne. Ruwa ya riƙa zirara ta wuri ɗaya shekara da shekaru, ya bar zane-zane masu fari-fari, ƙasan haruffa kuma ya yi ƙananan ramuka. Sannan a wata shekara wani ya shafe allunan da baƙin fentin mai, da kyakkyawar niyya dai, amma fentin ya tsattsage ya riƙe danshi a ƙarƙashinsa, ya kuma cike ƙananan haruffa har lambobin soja ba sa karantuwa. Ƙusoshin da suka riƙe allunan na baƙin ƙarfe ne. Sun yi tsatsa sun kumbura a cikin dutsen, suka tsaga kusurwa biyu. Allo ɗaya da hannu ma ana girgiza shi, kuma kowa ya san a zamanin nan na 'yan jari-bola, tagullar da ke girgiza ba ta kwana da yawa a wurinta.

Shawara ta farko da aka kawo mana ita ce a kai allunan wurin masu walda a goge su da injin har su yi ƙyalli. Mun ƙi, kuma muna so a san dalili. Haruffan tudu ne a kan allon, kuma duk gugar da aka yi da burushin waya ko inji ko ruwan batir, kan harafin take fara ci. Allon zai yi kyau ranar buɗewa, amma an rage wa kowane suna kauri, kuma abin da aka kankare daga tagulla ba ya dawowa. Saboda haka muka nemo wani mai aikin adana kayan tarihi ya kwana biyu tare da mu, ya gwada maganin cire fenti a kusurwa ɗaya tukuna, muka ga bai taɓa ƙarfen ba, sannan aka ci gaba. An ɗaga fentin da tsinken katako da burushin roba, an wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar kaifi, aka bar allunan suka bushe sarai a iskar hunturu. Daga nan aka ɗan ɗumama su, aka shafa kakin da ake yi domin wannan aiki, sau biyu, aka murza da ƙyalle. Launin da kuke gani yanzu, ƙasa-ƙasa mai duhu da ɗan kore a lunguna, shi ne launin tagullar da ta tsufa lafiya. Ba mantuwa aka yi ba.

Aikin magini bai ɗauki lokaci ba. An zare tsofaffin ƙusoshi, an sa waɗanda ba sa tsatsa, an binne kawunansu yadda sifana ba za ta kama ba. An kwashe simintin da aka lilliƙa a tsakanin duwatsu, aka mayar da kwaɓin farar ƙasa da yashi, domin siminti ya fi ƙarfin tsohon gini kuma yana tsare ruwa a ciki. An ɗora murfi mai ɗan baki a sama don ruwa ya ɗiga nesa da allunan, an haƙa magudana ta baya, an zuba tsakuwa kewaye.

Allon marmaran ne ya cinye mana makonni. Haruffansa na dalma ne, waɗanda aka bubbuga cikin sassaƙa mai ƙananan huji. Ruwan sama yana cin marmara a hankali, ƙanƙarar da ke sauka a nan kan dutse kuma ba ta raga masa ba, sai fuskar allon ta zaizaye, dalmar ta riƙa zubewa. Da rana ba a ganin komai a layukan ƙasa. Sai da dare muka riƙa zuwa da tocila, a kwantar da haskenta a gefen allon, inuwa ta fito da abin da ya rage na sassaƙar. Inda ita ma ta shafe, hujin da suka riƙe dalmar suna nan, kuma daga jerinsu ake gane harafin da ya faɗi. Malaman makarantar firamare biyu da wasu samari suka riƙa zama cikin sanyin Disamba, ɗaya na haskawa, ɗaya na ɗaukar hoto, ɗaya na rubutawa, kuma ba a amince da suna ba sai mutum biyu sun karanta shi iri ɗaya ba tare da sun ji juna ba. Abin da muka iya tabbatarwa mun gwada shi da rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ke intanet. A nan ne muka ga wasu daga cikin mutanen allunan tagulla ba su da kabari sananne, sunayensu na kan bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Ga iyalansu, wannan dakali namu shi ne wuri mafi kusa da za su tsaya.

Mun yi muhawara mai zafi kan abu biyu. Na farko, rubutun sunayen. Akawun soja yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, ya bi sunan mutum da sunan garin da ya ce ya fito, wane Katsina, wane Bauci, wane Dikwa, ba sunan uba. Wasu jikoki sun so a gyara. Mun ji zafinsu, amma muka bar rubutun yadda yake, domin da wannan kuskuren ne ake samun mutum a takardun soja, idan aka canza shi an yanke igiyar da ke kai wa gare shi. Sai muka buɗe littafi, inda kowane suna ke da shafinsa: yadda yake a allo, yadda ake kiransa a gida, da abin da iyalinsa suka sani game da shi.

Na biyu ya fi nauyi. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ramuka, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen ƙasar zafi ne aka sauke su cikin sanyin dutse ba bargo, ba isasshen abinci, kuma da yawa ba su koma gida ba. Yaƙin nan ɗaya ne ya ci su, amma babu allon da ya ambace su. Wata tsohuwa a taronmu ta ce mahaifinta a nan ya mutu, bai taɓa riƙe bindiga ba, shin shi ba ya cikin lissafi? Ba mu ƙara komai a kan tsofaffin allunan ba. Mun sa ƙaramin allo sabo a gefen arewa, da Hausa da Birom da Turanci, yana ambaton waɗanda suka rasu a ramukan kuza a shekarun yaƙin, ba tare da suna ba, tunda ba a ajiye sunayen ba.

Kuɗin aikin daga aljihunku ya fito: karo-karon unguwanni, tarin da aka yi a masallaci da coci, gudummawar tsofaffin sojoji da 'ya'yan gari da ke waje. Yashi da tsakuwa da ɗibar ruwa kyauta aka yi su. An karanta lissafin shiga da fita a taron gari, kwafinsa da rasitai suna hannun ma'aji ga duk mai son gani. Tun bayan faɗuwar kasuwar kuza a 1985 garin nan yake raguwa, rikicin da ya biyo bayan 2001 kuma ya raba unguwanni har wasu suka daina bi ta filin biya. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, liman da fasto suka tsaya a gaban dakalin, kowa ya yi addu'a, aka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya rage a kula da shi kaɗan ne. A wanke allunan da ruwa zalla a sabunta kakin sau ɗaya a shekara, bayan damina. Kada a shafa fenti, ko man goge ƙarfe, ko toka da lemun tsami. A riƙa share magudana kafin ruwan Afrilu. Layuka uku na ƙasan allon marmara mun bar su ba dalma, domin masu karatu ba su daidaita a kansu ba. Duk gidan da ke da littafin sallamar soja, ko lambar yabo, ko tsohon hoton dakalin tun haruffansa na cike, muna roƙo ya kawo wa sakatare ranar kasuwa. Za a ɗauki hoto a mayar masa da kayansa nan take.