Wasiƙa zuwa ga Uwani a Birnin Kebbi

Uwani,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, sai ƙafar Babanki da ta sake motsawa tun da aka shiga yankan dawa, ga shi ba ya jin magana, kullum yana gona. Ƙannenki suna gaishe ki. Ban kira ki a waya ba don na san halinki, ina farawa za ki ce "to Mama, na ji," ki kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta, na haɗa da garin dawa da daddawa na ba direban da ya saba kai miki saƙo.

Hoton da kika sa a Facebook ranar bikin ƙawarki ya iso gare ni. Ba ni na je nema ba. Bayan an tashi daga Zumuntar Mata ne wata ta miƙo mini waya tana murmushi, wai "Maman Uwani, ashe Birnin Kebbi ta karɓi ɗiyarki, dubi yadda ta yi fes." Na karɓa na duba. Fuska kam ta yi haske, amma da idona ya sauka kan hannun da kika riƙe jaka da shi, sai ga gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Na miƙa mata wayarta na ce hasken kyamara ne. Na rufa miki asiri a gaban mutane, amma tsakanina da ke babu ɓoye-ɓoye: bilicin kike yi.

Kada ki ce mini man gyaran fata ne kawai, ko na itatuwa ne wata ta haɗa miki. Na tsufa a aikin jinya, na san abin da ke cikin kwalaben nan. Wasu haidurokwinon ne, yana hana fata yin baƙin da Allah ya sa mata don ya kare ta daga rana, ke kuwa kina zaune a garin da zafinsa yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. In an daɗe ana shafa shi sai ya juya, kumatu su yi wani dabbare-dabbaren baƙi wanda ba sabulun da ke fitar da shi. Wasu sitiroyid ne, maganin da likita yakan rubuta na ɗan lokaci saboda ƙaiƙayi, mata suka mai da shi man shafawa na kullum. Shi ke kawo nankarwa a cinya da damtse, jijiyoyi su fito kore, wani lokaci har hawan jini da ciwon suga. Wasu kuma zaiba ce a ciki, irin wadda masu haƙar zinariya suke aiki da ita, tana ratsa fata ta je ta lalata ƙoda. Ba a banza hukumar NAFDAC ta fito a 2023 ta ce abin ya zama annoba a ƙasar nan ba.

Akwai wata da aka yi wa fiɗa aka ciro mata jariri a lokacin da nake aiki. Yarinya ce, ba ta girme ki da yawa ba. Likita yana ɗinki, zare yana yaga fatar yana fita kamar an ɗinka jiƙaƙƙiyar takarda. Ni na yi ta wanke mata ciwon nan, sa'o'inta duk an sallame su an yi suna, ita tana kwance ciwo ya ƙi haɗuwa. Mijin da ta yi bilicin dominsa kuwa, in ya zo, daga bakin ƙofa yake tsayawa saboda wari.

Amma ba man ne ya hana ni barci ba. Da shi kaɗai ne, da na jira ki zo hutu mu yi ta ta ƙare. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ya saya miki. Kada ki yi fushi da ƙanwarki, ba ƙararki ta kawo ba, ni na tsare ta sai da ta faɗa. Ta ce wani ne ya ce miki da kin ɗan ƙara haske da ba ki da ta biyu. Ta ce ɗan coci ne, shi ke kaɗa piyano a taron matasa. To ko shi ke riƙe da makullin coci, ban damu ba. Namijin da ya dube ki ya ga akwai gyara a halittarki, ba ke yake so ba, wata yake nema, yana so ki biya kuɗin zama ita da fatar jikinki. Son maso wani ƙoshin wahala ne, Uwani. Yau ya ce launi, kin ba shi. Gobe zai ce siket ɗinki ya cika tsawo, jibi ya ce ki daina Hausa a gaban abokansa, ki daina cewa daga Zuru kike. Daga nan sai ya ce in da gaske kina sonsa ki kwana a ɗakinsa, kuma da wane baki za ki ce a'a, ke da kika riga kika yarda cewa alfarma yake miki da ya kula ki? Na ga inda hanyar nan take ƙarewa. Na ga 'yan mata da ƙawaye suka kawo da tsakar dare suna zubar da jini, an tambaye su sunan mahaifi sun ƙi faɗa don kunya, saurayin kuwa waya a kashe. In na rufe ido fuskarki nake gani a kan gadon nan, in farka in yi ta addu'a har gari ya waye. Babanki yana tambayata me ke damuna, ina ce masa ciwon kai ne.

Ke da kika haddace Zabura 139 tun kina ajin Lahadi, kika tsaya gaban ikkilisiya kika karanta ba tuntuɓe, cewa shi ne ya harhaɗa ki a cikin mahaifiyarki, har dattawa suka yi ta sa miki albarka. Ashe a baki kawai ya tsaya? Kuɗin makarantar da muke aikawa, kin san daga inda yake fitowa. Kin san abin da aka sayar a shekarar da kika shiga. Ba mu yi haka don ki je wani yaro da ko gemu bai gama fitarwa ba ya koya miki raina kanki ba.

Na ji kuma kin ce wa ƙanwarki ni ban taɓa ce miki kina da kyau ba. Gaskiya ne, ban faɗa ba, kuma ba zan ce na yi laifi ba. Ke ce ta fari, ga sunan uwar mijina a kanki, a ina kika taɓa jin mace irina ta zauna tana yabon 'yar fari? Mu ba haka aka tashe mu ba. Tawa uwar ba ta taɓa yabona a gabana ba, amma ban yi shakkar matsayina a wurinta ko sau ɗaya ba. Wa ya riƙa tashi da asuba yana miki kitso kafin ya tafi aikin safe? Wa ya je makarantarku ya tsaya a ofishin shugaba lokacin da yaran nan suka sa miki suna saboda baƙinki? Kin manta, ko kuwa sai an faɗa da baki yake zama ƙauna?

Ki buɗe Farawa sura 29 ki karanta labarin Lai'atu, a hankali, ba irin karatun da kuke yi a waya ba. Kowa Rahila yake tunawa, kyakkyawa, wadda Yakubu ya yi wa bautar shekara bakwai, irin golmon nan, noman neman aure, da Babanki ya yi a gonarmu. Lai'atu kuwa da dabara aka shigar da ita ɗaki, gari ya waye miji ya ga ba ita yake so ba. Dubi yadda ta yi ta neman ya dube ta. Ta haifi Ra'ubainu ta ce yanzu mijina zai ƙaunace ni. Ta haifi Saminu, maganar dai ta rashin ƙauna ce. Ta haifi Lawi ta ce wannan karon zai shaƙu da ni. Bai shaƙu ba. Sai a na huɗu, Yahuza, ta bar zancen miji ta ce yanzu zan yabi Ubangiji. Ba wai daga nan ta daina kishi ba, mace ce kamar kowa, sura ta gaba ma za ki ga sun ci gaba da ita da ƙanwarta. Amma ta zuriyar Yahuzan nan Dawuda ya fito, ta nan Almasihu ya zo. Matar da miji bai zaɓa ba, ita Allah ya zaɓa, kuma bai jira ta canza komai a jikinta ba.

In batun launi ne ma, Littafin Ƙidaya sura 12 tana nan. Maryamu da Haruna suka yi ta maganar Musa saboda ya auri mutuniyar Kush, ƙasar baƙaƙen fata. Fasto zai ce miki ainihin rigimar ta shugabanci ce, na yarda. Amma ni dai na lura da wadda ta wayi gari fari fat da kuturta, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai.

Na san zaman can ba irin na gida ba ne. A nan Zuru kin tashi kina jin waƙar coci ta kowace kusurwa ranar Lahadi, ba wanda ya tambaye ki ke wace ce. A can kuwa za a ji Hausa a bakinki tsab, a ji sunanki, a yi turus, wani ya ce ashe ke ba Bahaushiya ba ce, wani ya faɗi abin da ya fi haka ɗaci. Ga 'yan ajinku masu manyan wayoyi da turare. Mutum in ya ji shi bare ne ta ko'ina, duk wanda ya yi masa murmushi sai ya zama kamar mai ceto. Na fahimci wannan. Amma ki tuna kakarki mai sunanki. Ga zane a fuska, ga baƙi, ba ta taɓa shiga aji ba sai na yaƙi da jahilci a coci, inda ta koyi haɗa baƙaƙe don kawai ta karanta tsohon juyin nan na Littafi Mai Tsarki na 1932 da kanta. Kin san abin da danginta suka yi mata da ta bi Yesu. Kin taɓa ganin ta sunkuyar da kai a kasuwa? Abin da take faɗa kullum shi ne an riga an biya kuɗinta, ba ta sayarwa ba ce. Daga wasiƙar Bitrus ta fari ta samo shi, inda ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, sai da jinin Almasihu. Da wannan ta rayu har ta koma ga Ubangiji, kuma ba ta fi ki komai ba.

Ban rubuta don in kunyata ki ba, ɗiyata. Babanki bai sani ba, ba kuwa zai ji daga bakina ba. Fata takan warke in an tsaya da wuri, ke kuma ba ki yi nisa ba, na gani a hoton. Sai dai kada ki tsaya farat ɗaya ba tare da na ga abin da kike shafawa ba, domin in akwai sitiroyid a ciki fatar takan yi bore, ta yi ja da ƙuraje, sai ki tsorata ki koma. A hankali ake janyewa, kuma akwai likitan da zan kai ki wurinsa. Kafin nan ki rage shiga rana, ki nemi matar faston da na haɗa ki da ita lokacin da muka kai ki, mace ce mai riƙe magana.

Shi kuma yaron, ban ce ki yi faɗa da shi ba. Ki gaya masa kin daina, za ki koma yadda kike, sa'an nan ki zuba ido ki ga abin da zai yi. In ya tsaya, ya zo Zuru ya gaida Babanki kamar yadda ake yi. In ya tafi, za ki yi kuka, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne, ba zan ce na gaya miki ba.

Ana ba ku hutun Kirsimeti ki taho, kada ki tsaya bikin kowa. Ki shiga motar farko ta Jega da Koko, kada yamma ta yi miki tsakanin Mahuta da Dabai, kin san yadda hanya take yanzu. Zan tura miki kuɗin mota ta asusunki. Ki zo da kwalaben duka, da sabulun, har da wanda kike tunanin ɓoyewa.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Ni ce,
Mamanki